Jegon Baƙuwa

A zamanin da garin nan na Suleja yake amsa sunan Abuja, Turawa suna can kan tudu a barikinsu, an yi wata mata a unguwar Wambai da ba a miƙa mata jariri. Uwani sunanta. Da ta yi sallama gidan barka, sai ka ga mai jego ta tuna yaro na jin yunwa, ta cusa shi cikin zane. Ko kakar yaron ta ce ai yanzun nan ya yi barci, alhali ga idonsa nan biyu yana kallon rufin ɗaki.

Laifinta? Ta haifi huɗu, an binne huɗu, ba wanda ya kai yaye. Wabi ba baƙon abu ba ne, mata da yawa sun sha shi, har tausaya musu ake yi. Abin da ya kashe Uwani shi ne wani suna da ta je, ta karɓi jaririyar ta ɗan yi mata rawa, kafin a yi arba'in zazzaɓi ya ɗauke yarinyar. Shi ke nan fa. Aka ce farar ƙafa ce, aka ce hannun nan ba ya raya abu, har kazarta da ta mutu da damina sai da aka sa a cikin labarin. Surukarta, tsohuwa Maiturare, da ya kamata ta tare mata faɗa, ita ce ma mai ƙara gishiri a bakin rijiya. Tir da irin wannan baki! Ita kuwa baiwar Allah ta daina roƙon ɗan kanta. Burinta ya ƙanƙance har ya koma abu ɗaya, a miƙo mata yaro yadda ake miƙa wa kowace mace, ba tare da an kalli juna ba.

Mijinta Lado kukun Baturen gona ne. Yana da kakinsa, yana da albashinsa, amma bai tsira daga bakin gari ba shi ma. Ana cewa hannunsa na taɓa naman alade, yana wanke kofin giya. A masallaci can ƙarshen sahu yake tsayawa, in an gama ya riga kowa miƙa hannu. Mutum ne mai lallaɓa sunansa kamar mai ɗauke da ƙwai a faifai.

Wata rana da hantsi, farkon damina, sai ga shi ya shigo gida da kwando mai murfi a ka, yana zufa.

"Uwani, zo ki karɓi amana."

Ta ajiye abin kaɗinta ta ɗaga murfin. Kyanwa ce, mai ruwan toka, gashi buzu-buzu, fuska a baje kamar an zauna mata a kai.

"Maigida, wannan kuma daga ina?"

"Ta Baturiya ce, matar ubangidana. Zazzaɓi ya kayar da ita, za a kai ta Jos ta sha iska. Shi kuma Bature rangadi za shi, Garam da can gaba, ni zan bi shi da tukwane. Ba kowa a gidan sai maigadi, shi kuwa kare gare shi. Ga gwangwanayen kifinta nan. Ki ji ni da kyau, matar nan a gadonta dabbar nan take kwana. In wani abu ya same ta, aikina ya tafi."

Maiturare tana bakin ɗakinta tana gyaran goro, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Duk faɗin garin nan ka rasa hannun da za ka ba ajiyar abu mai rai sai wannan?"

Lado ya yi kamar bai ji ba. Ya iya wannan ƙwarai. Ya sha ruwa, ya ɗauki tabarmarsa ta tafiya, ya fice.

Sunan da Baturiya ke kiran kyanwar ko Lado bai iya faɗa ba, don haka Uwani ta sa mata Baƙuwa. Kwanakin farko ƙarƙashin gado ta shige, sai dai ka hango ido biyu suna ƙyalli. Uwani ba ta matsa mata ba. Takan ajiye abinci ta koma kaɗinta, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Ran da Baƙuwa ta gaji da fushi ta fito ta goga jiki a ƙafarta, Uwani ta ɗaga ta, sai ta ji cikin kyanwar a cike tam. Macen da ta ɗauki ciki huɗu ba a ɓoye mata ciki. Ashe ƙibar da Baturiya ke alfahari da ita, aikin wani muzurun gari ne da ya san hanyar bariki.

Ta zauna a bakin gado ta rafka tagumi. Wallahi tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske. In 'ya'yan nan suka faɗo a ɗakinta suka mutu, ai an gama da ita, har jikokin unguwa sai sun ji labari. Ta yi tunanin kai ta wani gida, amma gidan wa? Wa zai karɓi abu daga hannunta? Da ta ga ba mafita, ta tashi ta jawo wata fasasshiyar randa daga bayan ɗaki, ta wanke, ta kwantar da ita a lungun bayan ƙofa inda ba haske. Ta shimfiɗa tsohon zane a ciki, ta zagaye wurin da toka saboda kwarkwasa.

Ranar haihuwar ana ruwa tun safe, hadari ya rufe Dutsen Zuma ruf. Baƙuwa ta yi ta kai da kawowa tana wani kuka siriri, ta shiga randar ta fito, ta sake shiga. Uwani ta durƙusa nesa kaɗan, ta danne hannayenta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta. Abin takaicin ke nan, jama'a. An faɗa an faɗa har ita ma ta yarda. Ta rantse a ranta ba za ta taɓa ko ɗaya ba.

Na farko ya faɗo, uwar ta lashe shi tas, ya rarrafa ya kama nono. Na biyu ma haka. Aka daɗe shiru, sannan na uku ya fito a naɗe cikin tantaninsa, ba motsi. Baƙuwa ta gaji liƙis, ta kwantar da kai tana haki, ko waiwayarsa ba ta yi ba.

"Lashe shi mana," in ji Uwani. "Ke Baƙuwa, ga ɗanki nan, lashe shi!"

Ina! Ko kunne ba ta kaɗa ba. Uwani ta duba ƙofa kamar wani zai shigo ya yi mata. Ba kowa sai ruwan sama. Ta zaro hannunta, ta ce bismillahi, ta yaga tantanin da farce, ta share ɗan bakin da gefen zane, ta shiga murza shi a tafin hannunta. Ta murza, ta hura masa iska, ta murza. Abu kamar ɓera, sanyi ƙalau. Har ta fara cewa a ranta ga shi nan an sake, sai ɗan abin ya buɗe baki ya ce miii. Ta kai shi kan nono da kanta. Sannan ta koma ta jingina da bango ta yi kuka mai isarta, irin wanda ba ta yi ba ko ran da aka fita da na huɗunta.

Daga nan jego ya kankama. Kifin gwangwani bai je ko'ina ba, mai shayarwa ba ta san ƙoshi ba. Uwani ta riƙa aika zarenta kasuwa ana sayo mata busasshen kifi wurin matan Gwari, in 'yar Fulani ta shigo da tallan nono ta sayi ludayi guda ba don bakinta ba. Har kunun kanwa ta dama mata, wai ai mai jego ce. Baƙuwa ta sansana, ta kalle ta sheƙeƙe, ta juya mata baya. Uwani ta yi dariya ita kaɗai, ta shanye abinta.

Aikin ba kaɗan ba ne. Kullum sai ta sake zanen randar ta shanya, ta sabunta toka. Ta zauna ta tsince ƙuma daga jikin uwar ɗaya-ɗaya tana murƙushewa da farce. Muzuru ya fara shawagi a kan katanga, ita kuwa ta san halinsu, cinye jarirai suke yi, sai ta ajiye taɓarya a bakin ƙofa, ko bayan gida za ta sai ta ja ƙyaure. Wani lokaci Baƙuwa ta bushi iska ta kwashe 'ya'yan da baki ta kai su bayan tulu, inda ƙasa ke da danshi. Uwani ba ta yi mata gardama ba, ta ɗauke tulun ta mayar da shimfiɗar can. In sun ƙoshi sun yi lamo, uwar takan lumshe ido ta kama wannan gurnanin da tsofaffi ke cewa wuridi take yi, Uwani ta ajiye kaɗi ta yi ta saurare.

"Jegon mage!" in ji Maiturare daga tsakar gida. "Wanda bai mutu ba zai ga abu. Bari dai mu gani ko za su buɗe ido."

Suka buɗe. Duka ukun, har da na ƙarshen da aka murza.

Bayan katangarsu akwai wata yarinyar mace, Talatu, mai tsohon ciki na fari. Ita ma takan gaisa da Uwani daga nesa, yadda aka koya mata tun zuwanta unguwar. Ran nan da azahar sai ga ta ta yi sallama, tana tafe tana dafe ƙugu, da 'yar ƙwarya a rufe da tsumma. Ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shiga ba.

"Yaya Uwani, an ce naki sun rayu."

"Da ikon Allah."

"Kyanwarmu ce karnuka suka kashe. Ashe ta haihu a cikin rumbu ba mu sani ba, sai wari muka ji. Sauran sun tafi, wannan ne kaɗai ke motsi. Na ba shi koko ya ƙi. Na ce ko..." Ta dubi ƙwaryar, ta dubi hannun Uwani. Sannan ta miƙa.

Shekara nawa rabon da wani ya miƙo wa Uwani abu mai numfashi da son ransa? Ta karɓa da hannu biyu. Ɗan ja ne, ƙashi da fata, idanunsa sun liƙe da kwantsa. Ta kai shi bakin shimfiɗa, Baƙuwa ta sansana sau ɗaya, ta yi fuuu, ta ɗaga hannu za ta kai masa mari.

"Wayyo, ta ƙi shi," in ji Talatu.

"Tsaya tukuna. Ba ta san shi ba ne."

Uwani ta zaro zanen da 'ya'yan suka kwana a kai, ta goge shi da shi tun daga kai har wutsiya, ta sake gogewa, don ya ɗauki warinsu. Ta lakato man shanu ta shafa masa a ka da gadon baya. Ta jira sai da 'yan ukun suka kama nono uwar ta saki jiki, sannan ta saka shi a tsakiyarsu. Baƙuwa ta ɗago, ta yi gurnani, ta sansana. Man shanu dai man shanu ne, ko a gidan Bature. Ta lasa. Ta sake lasa. Man ya ƙare ba ta daina ba, ta bi shi har ciki da ƙarƙashin wutsiya, ta tura shi da hanci. Ɗan ja ya lalubo nono ya kama kamar zai tsinke shi.

Talatu ta tafa hannu. "Ikon Allah! Yaya, wa ya koya miki?"

"Wa zai koya min? Zama da su ne."

Sai a lokacin Talatu ta lura ashe tana tsakiyar ɗakin, a durƙushe, kafaɗarta na gogar ta Uwani. Ba ta matsa ba.

Suka sa masa Ɗan Rumbu. Shi ya fi ba Uwani wahala. Safe da yamma sai ta jiƙa auduga a ruwan ɗumi ta goge masa ido har kwantsar ta saki. Manyan suna ture shi daga nono, sai ta riƙe su a cinyarta ta bar shi ya sha shi kaɗai. A hankali cikinsa ya taso, ya fara tafiya yana tangaɗi, har ya zama shi ne mai cizon wutsiyar kowa. Baƙuwa kuwa ba ta bambanta shi da nata ba, in ta tashi kwasa ma shi take fara ɗauka.

Labari ba ya kwana a Wambai. Mata suka fara leƙowa, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo tambayar kanwa, kowa idonta na bayan ƙofa. Aka ga 'ya'ya huɗu ɓul-ɓul suna kokawa a kan tabarma, ɗaya ma maraya da aka fid da rai da shi. Wata ta ce a ajiye mata mai farin wuyan nan, ɓeraye sun ishe ta. Ran nan a gaban mata uku Talatu ta ce, "Ni dai in Allah ya sauke ni lafiya, Yaya Uwani ce za ta riƙa yi wa yaron wanka." Wata dattijuwa ta taɓe baki ta ce, "To, ai ga zahiri muna gani." Ba ta ce a'a ba. Uwani ta kwana tana juya maganar nan, ta tashi tana juya ta. Har sabulun salo ta saya ta ɓoye a cikin kwalla.

Ana haka Bature ya dawo daga rangadi, Baturiya ta dawo daga Jos. Lado ya shigo ya ga abin da ke bayan ƙofa, ya riƙe baki.

"Na shiga uku. Haihuwa ta yi?"

"Lafiya lau kuwa. Dube su, Maigida, ko ɗaya bai..."

"Kada ki bari kowa ya kai maganar nan bariki. Ba ni uwar."

"Ba su isa yaye ba fa."

"Na ce ba ni uwar."

Ya sa Baƙuwa a kwando ya tafi da ita tana yakushin murfi. Uwani ta wuni tana tsoma yatsa a nono tana ba 'ya'yan suna lasa, suna kuka, ita ma ranta na kuka. Gari na wayewa ta buɗe ƙofa, sai ga Baƙuwa a tsugune, gashin nan ya cakuɗe da laka da ƙarangiya. Ta sauko tudu, ta ƙetare rafi, ta ratsa karnukan kasuwa. Ta wuce ta tsakanin ƙafafun Uwani ta kwanta, 'ya'yan suka rufe ta.

Lado ya zo a guje ya mayar da ita. Ta dawo. Aka kulle ta a ɗaki, ta fita ta taga. Baturiya ta yi ta kuka tana cewa za a kashe mata ita a cikin ƙazantar gari, har ta ɗaga ta za ta yi mata wanka, ta ga nonuwa sun cika suna ɗiga. Nan asiri ya tonu.

Washegari da sassafe gidan ba kowa sai Uwani, don naƙuda ta kama Talatu tun asuba, Maiturare na can. Ita Uwani ba a kira ta ba, ba ta kuma damu ba, ta san nata aikin na gaba. Sai ga Lado da kwando.

"Baturiya ta ji labari. Ta ce a kai mata su ta gani."

"Ta yi faɗa?"

"Ta ce dai a kai."

Kai, farin cikin da Uwani ta yi! Ta ce ai dole, uwar ɗakin uwarsu ce, ta ga jikokinta. Ta jiƙa tsumma ta goge su ɗaya bayan ɗaya, ta share musu ido, ta shimfiɗa zane mai kyau a kwandon. Ta saka ukun. Ɗan Rumbu ya kama gefen kwandon yana ƙoƙarin hawa, yana ihu.

"Wannan na Talatu ne," in ji ta. Ta ɗan yi tunani. "Amma tafi da shi, ya samu ya sha nono. In aka bar shi shi kaɗai kuka zai yi ta yi."

Ta ɗaga shi da hannunta ta saka. Lado ya ɗauki kwandon ya fita bai dube ta ba.

Da azahar guɗa ta tashi a bayan katanga, Talatu ta sauka, namiji. Uwani ta yi hamdala, ta ciro sabulunta ta ajiye a kan gado. Da la'asar ta ji muryar Lado a zaure yana magana da uwarsa ƙasa-ƙasa, ta ji tsohuwar ta ce, "Ai na faɗa!" ta kuma ji takunta ta koma gidan haihuwa da sauri. Sannan ya shigo ɗaki. Kwandon na hannunsa, ba a ka ba. Hannun rigarsa a jiƙe har gwiwar hannu.

"Ina suke?"

Ya zauna a bakin gado.

"Maigida, ina 'ya'yan?"

"Haka suke yi a ƙasarsu, Uwani. Ta ce jinin muzurun gari ne, ba ta son su, kuma muddin suna da rai uwar ba za ta zauna ba. Na ce a bar ni in kai su ƙauye, ta ce ƙarya nake, ai na riga na ɓoye mata sau ɗaya. Ta sa aka cika bokiti a bayan kicin. Ta tsaya a kaina har aka gama."

"Aka gama? Wa ya gama?"

Ta dubi hannun rigar.

"Har na Talatu?"

"Ta ce duka."

Uwani ta nemi kuka ta rasa. Ta sulale ta zauna a ƙasa kusa da randar. Mage fa! Dabbar da ko tsawa mai ƙarfi ba a so a yi mata, wadda kowane yaro a garin ya san alhakinta na kai mutum wuta. Can ta ɗago.

"Me ka faɗa wa Iya a zaure?"

Ya sunkuyar da kai. "Na ce mun wayi gari mun tarar sun mutu a ɗaki. Na kwashe na kai rafi."

"A ɗakina."

"To me kike so in ce? In ce ni Lado na danna 'ya'yan mage a ruwa da hannuna? Wa zai sake sa hannu a kwano ɗaya da ni? Wa zai tsaya kusa da ni a sahu? Da ƙyar fa ake amsa sallamata yanzu ma." Ya sassauta murya, wai shi mai lallashi. "Ke ai an riga an saba. Abin da ake faɗa a kanki ana faɗa, wannan ba zai ƙara miki komai ba. Ki rufa min asiri."

Ka ji fa. Miji ke nan, wanda aka haifa wa huɗu. Ya cire rigar ya matse ta a bakin ƙofa, ya shanya, ya tambaya ko akwai sauran tuwo.

Da hantsin washegari Uwani ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na fita, ta ɗauki sabulun ta nufi gidan barka. Ba ta yanke shawarar komai ba, ƙafa ce kawai ta kai ta. Tun daga tsakar gida ta ji hira ta mutu. Ɗakin cike yake da mata, hayaƙin itacen wanka na shigowa, Maiturare na zaune a kan kujera 'yar tsugunno kamar gidan nata ne. Talatu na kan gado, fuska a kumbure, jaririn na kwance a gefenta cikin sabon zane.

"Barka da arziki. Sannu Talatu, an sauka lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya." Ta ɗago ta dube ta. "Yaya, da gaske ne? Har Ɗan Rumbu? Shekaranjiya fa na gan shi yana wasa."

Da Uwani ta ce ƙaddara ce, da an yi mata jaje na fatar baki an wuce wurin. Amma ta dubi yarinyar nan da ta taɓa miƙo mata ƙwarya, ta ji ba za ta iya ba.

"Ba mutuwa suka yi ba. Da ransu suka bar ɗakina, ni na saka su a kwando. A bariki aka kashe su. Baturiya ce ta sa aka danna su a bokitin ruwa."

"Aka? Wa ke nan?" in ji wata.

Uwani ta dubi surukarta, ta sunkuyar da kai. Wannan ya ishi kowa amsa.

Maiturare ta miƙe tsaye, tsufa ya tafi. "La'ilaha illallahu! Ku ji min sharri! Yaron da na haifa da cikina? Naki alhakin bai ishe ki ba sai kin rataya masa a wuya? Don ya rufa miki asiri ya kwashe mushe ya zubar tun kafin gari ya gani?"

"Iya, wallahi tallahi..."

"Rufe min baki!"

Dattijuwar nan da ta taɓa cewa ga zahiri muna gani, ita ta kashe maganar, kuma a hankali ta yi ta, ba da faɗa ba. "Uwani, ki ji tsoron Allah. Nasara ma ai mutum ne. Matar da aka ce a gado ɗaya take kwana da mage, ta fi son ta da mijinta, ita ce za ta sa a kashe mata 'ya'ya? A bokiti? Wane mai hankali ne zai yi haka? Ko ƙarya za a yi, a yi mai kama da gaskiya."

Ɗaki ya ɗauka, ƙwarai kuwa, wa ya taɓa jin haka, huɗu rigis a dare ɗaya, Allah ya tsare mu. Ba mugunta ce ta hana su yarda ba, abin da ya fi ciwo ke nan. A duk tsawon rayuwarsu ba su taɓa jin an yi wa mage haka ba, hankalinsu ya ƙi ɗauka. Amma abu ya mutu a hannun Uwani, wannan kam sun sha ji.

Hayaniyar ta tayar da jaririn, ya callara kuka, ya fara wutsil-wutsil har zanen ya zame, ƙafarsa ɗaya ta leƙo ta bakin gado. Uwani ce ta fi kowa kusa. Ba ta yi tunani ba, jiki ne ya saba, makonni tana tare ƙananan abubuwa kada su faɗo. Ta miƙa hannu.

Talatu ta riga ta. Ta fizge shi ta ƙanƙame a ƙirji, hawaye na zubo mata shar-shar.

"Yaya, don Allah don Annabi kada ki taɓa shi. Ban ce kin yi komai ba. Shi ke nan gare ni, Yaya. Ki yafe min."

Uwani ta dubi hannunta a miƙe, ta janye shi a hankali. Ta sunkuya ta ajiye sabulun a ƙasa kusa da ƙafar gado, ta gyara mayafinta. A bakin ƙofa ta juyo ta dubi yaron, ta faɗi abin da kowace mace ke faɗa in za ta fita daga ɗakin mai jego.

"Allah ya raya."

Ɗaki cike da mata, ba wadda ta ce amin.